Harsashi ko Gwiwa: Wanne Ya Fi Kwantar da Soja?

Mene ne ya fi raba soja da bakin aikinsa? In ka jefa wannan tambaya a teburin mai shayi a Agege ko Obalende, kafin ka rufe baki za a ce maka harsashi ne ko bam. Ba a kuma yi ƙarya ba. Tun 2009 ake ba-ta-kashi a Arewa maso Gabas, ga yaƙi da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Neja, kuma duk ranar 15 ga Janairu, in ana tunawa da 'yan mazan jiya, waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu ne ke fara zuwa a rai. Wannan hoton ne ya zauna a zukatan mutane, har ta kai in aka ga soja yana ɗingishi a kasuwar Mami babu tabon harbi a jikinsa, sai a fara ƙus-ƙus cewa gudun daji yake yi. Wani lokaci matarsa ma sai ta sha habaici a bakin famfon bariki.

Ƙasashen da suka zauna suka ƙirga majinyatan sojojinsu ɗaya bayan ɗaya sun tarar da wani abu dabam. A 2010 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken Dokta Steven Cohen da abokan aikinsa kan mutum sama da 34,000 na rundunar Amurka da aka kwaso daga Iraƙi da Afganistan don jinya tsakanin 2004 da 2007. Kashi 14 cikin ɗari ne raunin yaƙi ya fitar. Waɗanda ciwon ƙashi da tsoka da gaɓoɓi ya fitar sun kai kashi 24, ban da wasu kashi 7 masu ciwon baya da wuya. Wannan fa a bakin daga ke nan, wuta na tashi.

## Wane irin rauni ake nufi?

Ana nufin duk abin da ya taɓa sassan da ke ɗauke da jiki suna motsa shi: ƙashi, tsoka, gaɓa, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, da jijiyoyin da ke ɗaure su wuri guda. Masu bincike sun kasa shi gida biyu. Akwai na farat ɗaya, wanda mai shi zai faɗa maka ranar da ya same shi: ya diro daga bayan mota ya yi targaɗe, ya rufta rami kafaɗa ta goce, ya karye a filin ƙwallo. Wannan kowa ya san shi, kowa kuma yana yi wa mai shi sannu.

Na biyun shi ne mai taruwa. Babu ranar da za a nuna a ce yau ya faru. Ƙwauri ya fara zogi bayan gudun asuba, mako na gaba zogin ya fara tun ana cikin gudun, wata mai zuwa mutum ya kasa taka ƙafar. Wani nazari da aka buga a 2020 kan rundunar sojan ƙasa ta Amurka ya nuna fiye da rabin sojojinta sun ji rauni aƙalla sau ɗaya a 2017, kuma aƙalla kashi 70 cikin ɗari na raunukan wannan nau'in ne mai taruwa. Nazarin ya ƙiyasta cewa cikin sojojin da rashin lafiya ya hana a tura fagen fama, kusan kashi 65 ciwon ƙashi da tsoka ne ya hana su.

Mafi haɗari a cikin wannan rukuni shi ne tsagewar ƙashi ta gajiya. Tun 1855 wani likitan soja Bajamushe mai suna Breithaupt ya rubuta labarin sojojin da ƙafafunsu ke kumbura bayan doguwar tafiyar ƙasa, ba tare da sun faɗi ko an buge su ba. Sai da na'urar ɗaukar hoton ƙashi ta fito a ƙarshen ƙarnin aka gane cewa ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa ne ke tsagewa. Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo, kamar katangar ƙasa da damina: ruwa yana zaizaya, mai gida yana yaɓe, in zaizayar ta fi yaɓen sauri sai bango ya tsage. Zuciya da tsoka suna sabawa da sabon horo cikin makonni, shi kuwa ƙashi sai ya ɗauki watanni. Shi ya sa kurtu zai ji numfashinsa ya gyaru, ƙarfinsa ya ƙaru, alhali ƙwaurinsa yana dab da tsagewa.

Wani abin da ke jawo wa irin waɗannan majinyata zargi shi ne, a makonni biyu zuwa uku na farko hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai. Sai a ce an yi hoto, lafiyarsa lau. Ya koma fareti da tsagaggen ƙashi. In a ƙwauri ne, da sauƙi. In a wuyan ƙashin cinya ne, kusa da ƙugu, yana iya karyewa gaba ɗaya, sai tiyata, wani lokaci kuma aikin soja ya ƙare ke nan ga yaron da bai cika shekara ashirin da biyu ba.

## Daga ina matsalar take tasowa?

Farko dai kaya. Ƙa'idar da rundunar Amurka ta daɗe da rubutawa ita ce kada kayan soja su wuce kilo 22 in zai shiga artabu, kilo 33 in tafiya ce zuwa wurin. Da aka bi sojojinta a Afganistan a 2003 aka auna abin da suke ɗauka a zahiri, kayan tafiyar sun haura kilo 40. Sulke, hular kwano, bindiga, harsasai, ruwa, rediyo, batura. Babu wanda za a ce a jefar. Amma duk kilo ɗaya da aka ƙara, gwiwa da gadon baya ne ke biyan kuɗinsa a kowane taku.

Na biyu gudu, kuma a nan binciken ya fi ba ni mamaki. In mutum yana gudu, nauyin da ke sauka a ƙafarsa a kowane taku ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. A sansanin horar da kuratan sojan kundumbala na ruwa da ke San Diyego, an kwatanta rukunonin da suka yi gudun kimanin kilomita 88 a tsawon horonsu da waɗanda aka rage wa zuwa kimanin 53. Tsagewar ƙashi ta ragu da fiye da rabi a rukunin da aka rage wa. Da aka zo gwajin ƙarshe na gudun mil uku, tazarar da ke tsakanin rukunonin biyu ba ta wuce kimanin rabin minti ba. Wato ƙarin kilomita 35 ɗin nan kusan babu abin da ya ƙara wa kurtu na ƙarfi, sai dai ya cika asibiti.

Irin haka ta faru a Ostireliya. A farkon shekarun 1990, kashi 11.2 cikin ɗari na kurata mata suna samun tsagewar ƙashin ƙugu, maza kuwa kashi 0.1. Da aka duba sai aka ga ana sa kowa maci da taku ɗaya, dole mace ta buɗe ƙafa fiye da tsawonta don ta daidaita taku, a kan kwalta, da sauri. Aka rage saurin maci daga kilomita 7.5 a sa'a zuwa 5, aka bar kowa ya yi takun da ya dace da tsawonsa, aka koma gudu a ƙasa mai laushi, aka yanka dogon gudu zuwa gajeru da hutu a tsakani. Adadin ya faɗo zuwa kashi 0.6. Rodney Pope, wanda ya rubuta wannan sakamako a 1999, likitan fisiyo ne, wato mai kula da ciwon gaɓoɓi da tsoka ta hanyar atisaye da gashin ƙashi. Babu ƙwaya ko allura a cikin maganar. Jadawalin horo kawai aka gyara.

Sauran dalilan an daɗe da tabbatar da su. Wanda ya shigo horo ba ƙarfin numfashi ya fi jin rauni. Mai shan sigari ya fi jin rauni, ciwonsa kuma ya fi daɗewa bai warke ba. Wanda ya taɓa yin targaɗe bai warke sosai ba shi ne na gaba a layi. Ƙarancin barci ma yana ciki: wani bincike na 2020 kan dakarun musamman na Amurka ya nuna masu barcin sa'a huɗu ko ƙasa da haka sun ninka masu sa'a takwas fiye da sau biyu wajen jin rauni. Zan ƙara da abu guda daga ra'ayina. Tsallen kwaɗo da sauran horon ladabtarwa da ake sa kurtu kaya ne a kan gwiwa kamar kowane kaya, sai dai ba a rubuta shi a jadawali, don haka babu mai ƙirga shi.

## Abin da aka gwada: wanda ya ci da wanda ya faɗi

Bariki wuri ne da bincike ke daɗin yi, domin dubban matasa ne masu cin abinci ɗaya, kwana ɗaya, horo ɗaya. Sai a raba su biyu, a canza wa rukuni guda abu ɗaya tak, a jira a gani. Ta haka aka rushe abubuwa da dama da kowa ya ɗauka gaskiya ne.

Miƙe tsoka kafin gudu, misali. An gwada a kan kurata 1,538 a Ostireliya, aka buga sakamakon a 2000: waɗanda suka miƙe da waɗanda suka tsaya ga ɗumama jiki kawai kusan daidai suka ji rauni. Zaɓar wa kurtu takalmin gudu gwargwadon siffar tafin ƙafarsa, an gwada a kan mutum fiye da 7,000 a rundunonin Amurka uku, bai rage komai ba. An kuma ɗauki sojoji 4,325 masu koyon aikin jinya a Teksas, aka ba wasu atisayen ƙarfafa tsokar ciki da baya na zamani, wasu aka bar su da tsohon salon. Bayan shekara biyu ciwon baya bai bambanta ba. Abin da ya ɗan rage zuwa asibiti a wannan gwajin shi ne zama guda da aka yi da wasunsu, aka bayyana musu cewa yawancin ciwon baya yana lafawa da kansa, kuma ci gaba da motsi ya fi kwanciya.

Wanda ya ci kuwa, a Ingila aka yi shi. An ɗauki kurata 1,502 aka raba, aka ba rukuni guda atisaye takwas, huɗu na ƙarfafa cinya da ƙugu, huɗu na miƙewa, ana yinsu a cikin horon yau da kullum na mako 14. Mutum 36 ne suka kamu da ciwon gaban gwiwa a rukunin da ba a ba atisayen ba, 10 a rukunin da aka ba. An buga wannan a 2011. Babu na'ura, babu kuɗin kirki, sai dai malamin horo da ya san abin da yake yi. Haka a 2008, cikin kurata mata 5,201 na sojan ruwan Amurka, waɗanda aka ba sinadarin kalsiyam da bitamin D sun samu ragin kashi 20 cikin ɗari na tsagewar ƙashi.

Abin da na fahimta daga waɗannan duka shi ne, rigakafin da ya fi tasiri ba a kanti ake sayensa ba. Yana hannun wanda ke tsara nisan gudu, nauyin kaya, da lokacin kashe fitila.

## Me likitan fisiyo yake yi in raunin ya riga ya faru?

Yawancinmu in aka ce an tura mutum gashin ƙashi, abin da muke hangowa shi ne a kunna masa jar fitila, a shafa man zafi, a murza. Waɗannan suna ɗan rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma su ne mafi ƙanƙantar aikin. Likitan fisiyo yana fara da bincike: ya tambayi yadda ciwon ya faro, ya lanƙwasa gaɓar, ya auna ƙarfin tsoka, ya kalli tafiyar mutum, ya tantance ko wannan ciwo nasa ne ko na likitan tiyata. Sannan ya tsara atisaye mataki-mataki, daga abin da gaɓar ke iya ɗauka yau zuwa abin da aikin mutum ke buƙata. Ga soja, warkewa ba ta tsaya ga daina jin zafi ba. Sai ya iya gudu, ya durƙusa, ya ja ciki, ya ɗauki kayansa.

An kwatanta wannan hanya da allura kai tsaye a asibitocin sojan Amurka. Gail Deyle da abokansa sun ɗauki mutum 156 masu amosanin gwiwa, sojoji da 'yan fansho da iyalansu, aka raba su da ƙuri'a. Rabi aka yi musu allurar sitiroyid a cikin gwiwa, rabi suka je fisiyo kimanin sau 12 a shekarar. Da shekara ta zagayo, 'yan fisiyon sun fi samun sauƙin ciwo, sun kuma fi iya harkokinsu. Mujallar New England Journal of Medicine ce ta buga a 2020. Kafin nan, a 2014, Daniel Rhon ya yi irin wannan gwaji kan mutum 104 masu ciwon kafaɗa. A nan duka rukunonin sun samu sauƙi daidai, sai dai waɗanda aka yi wa allura sun fi komawa wurin likita da kuka ɗaya.

A kan ciwon baya kuwa akwai saɓani, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Wani babban nazari na 2015 ya duba fayilolin mutum fiye da 750,000 a tsarin lafiyar sojan Amurka, ya ga cewa waɗanda suka je fisiyo cikin kwana 14 na farko sun fi waɗanda suka je a makare tsira daga tiyata, allura, da ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye, kuɗin jinyarsu kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma duba fayil ba ya tabbatar da cewa fisiyon ne sanadi, domin wataƙila masu zuwa da wuri dama can sun fi kula da kansu. Da Rhon ya raba mutum 119 da ƙuri'a, aka buga a 2018, bayan shekara guda babu wani bambanci tsakanin masu zuwa da wuri da waɗanda aka bi da su yadda aka saba. Ni a ganina darasin shi ne, ba kowane ciwon baya ke buƙatar dogon zarya ba. Aikin gwani shi ne ya ware wanda bayani da motsi suka ishe shi daga wanda ciwonsa zai zame masa na dindindin.

Wata tambayar ita ce ko soja zai iya zuwa wurin likitan fisiyo kai tsaye ba tare da takardar wani likita ba. Rundunar Amurka ta fara haka tun zamanin yaƙin Biyetnam, lokacin da likitocin ƙashi suka yi mata ƙaranci. Wani bincike na 2005 ya bi sabbin majinyata 50,799 da suka zo ta wannan hanya cikin wata 40, ba a samu rahoton ko ɗaya da aka cutar ba. Daga 2020 ma sun fara sanya likitocin fisiyo da masana abinci da masu horar da ƙarfi a cikin birged, suna zama tare da sojoji, maimakon jiran su a asibiti.

## Kwamanda, soja da likita: kowa da hujjarsa

Kwamandan da ya ce horo dole ya yi tsanani ba mugu ba ne. Ya san maƙiyi a dajin Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi ba zai rage wa yaransa nisa ba, ya kuma san sulken nan mai nauyi ya mayar da mutane da yawa ga 'ya'yansu. In ya ga kurtu yana kukan ƙafa a mako na uku, tsoronsa kada ya buɗe ƙofar da kowa zai bi. Amsar da bincike ya ba shi ita ce tsanani daban, yawa daban. Ana iya kai soja matakin ƙarfin da ake so ta hanyar hawa a hankali, a kuma yaye mutane da yawa da ƙafafunsu lafiya. Duk kurtun da ya karye, asarar abincin da ya ci ne da kakin da aka ɗinka masa da gurbin da wani ya rasa.

Zargin ragwanci kuwa, alƙaluma sun juya shi. A wani bincike da aka buga a 2016, an tambayi sojojin ƙasa 1,388 na wata birged a Amurka ba tare da rubuta suna ba. Kusan rabin raunukan da suka ji a shekarar, kashi 49 cikin ɗari, ba su kai wa likita ba. Babban dalilinsu shi ne tsoron kada ya taɓa musu ci gaban aiki. Duk wanda ya zauna da sojojinmu a Ojo ko Ikeja ya san wannan tunanin ba baƙo ba ne: kada a ce rago ne, kada kwas ya wuce shi, kada a sa shi maimaita horo. Masu ɓoye ciwo sun fi masu ƙirƙirar sa yawa, kuma su ne ke ƙarewa a kemis. Shan maganin kashe zafi na diklofenak a kullum yana cin ciki da ƙoda. Tiramadol kuma, wanda hukumar NDLEA ke yawan kamawa a tashar Apapa, yana rufe bakin ciwon ne kawai, mutum ya ci gaba da taka tsagaggen ƙashi, ga jaraba ta biyo baya.

## Daga Igbobi aka faro

Wannan sana'a a Najeriya saboda sojoji aka kawo ta, kuma a nan Legas. Asibitin ƙashi na Igbobi ya faro ne a matsayin sansanin farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 aka kawo likitocin fisiyo biyu daga Ingila, Mis Manfield da Mista Williams, don su kula da waɗanda suka dawo daga Bama da sauran fagage. Da yawa daga cikin mazajen runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma 'yan Arewa ne, Hausa ce ma harshen bariki a lokacin. Ke nan kakanninmu suna cikin majinyatan farko. Ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa ta kafu a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a 1966, aka kafa hukumar da ke yi musu rajista da dokar soja ta 1988. Yau ana karanta fannin a Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Sojoji suna da manyan asibitocinsu: na 68 a Yaba, na 44 a Kaduna, na sojan ruwa a Ojo. An kuma fara ba masu raunin yaƙi muhimmanci a bainar jama'a, musamman tun da Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar Invictus ta wasannin sojojin da suka ji rauni, a Jamus a 2023, inda Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a yaƙi da Boko Haram, ya ciyo zinare. Wannan abin alfahari ne. Damuwata ita ce mai ciwon gwiwa da mai ciwon baya ba su da irin wannan hoton da zai ja hankali, ga shi likitocin fisiyo a ƙasar 'yan dubbai ne ga mutum fiye da miliyan 200, wasu kuma suna ficewa waje. Babban asibiti yana Yaba, ciwon kuma a Defo na Zariya, inda ake horar da kurata, yake farawa, ko a wani sansani a bayan Monguno.

Ba kuma za a kwafo sakamakon Amurka a manna ba. Sojanmu yana aiki a zafin da ke haura digiri 40 a Borno a watan Afrilu, yana kwana a bayan Hilux ko kan babur a hanya mai gargada, yana iya daɗewa a daji ba a canje shi ba. Yaron da ya tashi yana noma da tafiyar ƙasa ƙashinsa ba ɗaya ba ne da na wanda ya tashi a mota, amma yana iya shigowa da ƙarancin abinci mai gina jiki. Abin da ya dace a kwafo shi ne ɗabi'ar ƙirga: kowane zango na kurata a rubuta nawa ne suka ji rauni, a wane mako, a wace gaɓa, bayan wane atisaye. Littafi da biro da ma'aikaci mai gaskiya sun isa a fara. Ɗaliban fisiyo na Legas da Kano da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga fage nan.

## Abin da ya shafi mai karatu

In kana da ƙane ko ɗa da ke jiran a kira shi Zariya, kada ya bari sai saura mako biyu ya fara gudun fitar rai. Ya fara da watanni, ya haɗa tafiya da gudu, ya ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ya bar ranakun hutu a tsakani, ya ƙarfafa cinya da ƙugu, ya ajiye sigari. In akwai tsohon targaɗe, a duba shi tun yanzu.

Maganar ba ta sojoji kaɗai ba ce. Ɗan dako a Mile 12 da ke sauke buhunan albasa, mai tura ruwa a Idi-Araba, mai gadin da ke kwana a tsaye a Lekki, duk jikinsu yana bin wannan ƙa'ida ta kaya da hutu. Mafi haɗarin lokaci gare su shi ne makonnin farko bayan an dawo daga gida, in an yi watanni ba a ɗauki kaya ba. Akwai alamomin da ba a jira da su: zafin da za ka nuna da yatsa ɗaya a kan ƙashi, mai ƙaruwa in an taka, ciwon matsematsi ko ƙugu da ke sa ɗingishi bayan gudu, ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Waɗannan na asibiti ne a ranar. Maɗori yana da matsayinsa a wurin mutanenmu, amma tsagewar gajiya ba ta da abin da za a ja a daidaita, kuma ɗauri mai tsanani a kan kumburi ya sha jawo a yanke ƙafa.

Ga wanda ke cikin kaki kuwa, akwai dalili na ƙarshe da zai sa ya kai kukansa da wuri. Wani bincike na 2011 ya nuna amosanin gaɓoɓi ya fi kama sojojin Amurka fiye da sa'o'insu farar hula, kuma ƙananan sojoji da na ƙasa ne suka fi shan sa. Gwiwar da aka daure wa a shekara ashirin da biyar takan dawo da lissafinta a shekara hamsin, lokacin da mutum ke koyon sana'a a cibiyar masu ritaya ta Oshodi, yana shirin noma ko kiwo ko tsaron shago da wannan ƙafar. Kwamitin likitoci da takarda yake aiki, ciwon da ba a rubuta ba yana da wuyar dangantawa da aiki bayan shekaru. Duk raunin da ka ji, ka tabbatar ya shiga fayil ɗinka da kwanan wata da sa hannun likita, ka kuma ajiye kwafi a gida wurin iyali.